Abin da Kaka Ta Kasa Rubutawa

Zuwa ga maigidana Gafiya, sarkin masu tonon rami,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da injin nan naku na haƙa rijiya da ka fi ƙauna a kaina. Mu ma nan lafiya, sai dai gwiwata ta hagu da ta daina jin maganata. Na ce mata ta yi haƙuri, maigida na nan tafe da man shafawa, ta ce ita ta gaji da wannan zance.

Wata huɗu ke nan rabonmu da ganin ƙeyarka. Jiya matar mai gyaran rediyo ta tare ni a bakin famfo tana tambaya ko sakina ka yi. Na ce mata a'a, rashin sa'a ne dai irin nawa. Kowace tsohuwa a layin nan ta samu jika mai zaman ofis da farar riga, ni na samu mai kwana cikin laka.

Yanzu ga labari, amma kada ka ta da hankalinka. Innarka tana asibiti, yau kwana takwas. Ciwon cikin nan ne da take ɗora wa zaman keken ɗinki. Sun ba ta gado na uku daga ƙofa, wajen taga, tana kallon wata bishiya da tsuntsaye ke faɗa a kanta kullum da safe. Jiki da sauƙi, mun gode Allah. Ta ce in ja maka kunne kada ka baro aiki, tunda ba ka gama watannin gwaji ba, kuma ta san wuyar da ka sha kafin ka same shi.

Bari in ba ka labarin abin da kakarka ta aikata. Akwai wata nas a ɗakin, na sa mata suna Ƙwas-ƙwas, domin ƙarar takalminta na riga ta shigowa. Dokarta ita ce, ƙarfe huɗu na yi, duk wanda ba majinyaci ba ya kama gabansa. To ranar Talata na jiyo ƙwas-ƙwas daga nesa, ni kuwa ban shirya tafiya ba. Gado na huɗu babu kowa, sai na haye abina, na ja mayafi har hanci, na shiga nishi. Ta zo ta tsaya a kaina, ta kama hannuna tana duban agogo, ta cusa mini ɗan tsinken nan na gwada zafin jiki a hammata. Sai na ji tana tambayar 'yar'uwarta yaushe aka kawo wannan tsohuwar ba a rubuta ta ba, a ɗauko allura. Kai ka san ni da allura. Kafin ta juyo na dire, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tsinkenta na maƙale a hammatata. Sai da na kai bakin titi na tuna da shi. Innarka ta yi dariya har da riƙe ciki, ta roƙe ni in daina maimaitawa.

Ka dinga cin abinci, kada ka dawo mini kamar tsinken tsintsiya, a ce ban iya riƙon miji ba. In ka ga da hali, ka leƙo mu ko na kwana biyu ne. In babu, to ka riƙe addu'a. Allah ne mafakarmu, gare shi muka jingina.

Taka har kullum,
Kaka

*

Zuwa ga amaryata Kaka,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kina lafiya, kuma jikin Inna ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata lau, sai rana da ta mayar da ni kamar gindin tukunya. Takardarki ta same ni bayan kwana goma sha shida, domin sai direban motar mai ya zo daga ofis muke ganin wasiƙa, shi kuwa sau biyu yake leƙo mu a wata.

Da na ga an ce asibiti, har na miƙe zan je wurin Injiniya neman izini. Sai na ci gaba da karatu na iso kan Ƙwas-ƙwas. Na ce a raina, tsohuwar da ke da ƙarfin hawa gadon mutane tana nishin ƙarya ai ba ta cikin tashin hankali. Na karanta wa abokan aiki lokacin hutun rana a inuwar mota, har da kwaikwayon nishin. Mai walda ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Yanzu duk wanda ya hango Injiniya tafe sai ya ce ga Ƙwas-ƙwas nan. Sun ce in tambaye ki ko kin mayar da tsinken.

Mun kai ƙafa ɗari da tamanin a nan, kuma dutse muke ci. Ramin rijiya ba a barinsa a tsakiya, Kaka. In aka tsaya kafin a zura bututu sai ya rufta, aikin sati uku ya tashi a banza, kuma mu biyu ne kawai muka iya ɗaura sandunan ƙarfe. Mutanen ƙauyen kullum suna zaune a gefe, mata da bokitai, tun kafin mu ga ko danshi. In mun gama wannan za mu matsa can bayan tsaunuka mu yi guda biyu. Daga nan gwajina ya cika, in zo da hutun sati biyu cur, in ga wanda zai sake cewa na sake ki.

Ki gaishe mini da Inna da kyau. Ki ce mata na ji, ba zan baro aiki ba, ita ma in ta fito ta rage zaman keke. Gwiwa kuma ta ƙara haƙuri.

Mijinki na ƙwarai,
Gafiya

*

Jikana,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ni lafiya. Takardarka ta zo.

Wannan ba wasa ba ne. Ka taho gida ranar da takardar nan ta same ka, ko ramin zai rufta. Innarka ta daina cin abinci, ruwa ma sai da cokali. Likita ya ce babu sauran abin da za su yi sai rage mata zafin ciwo. Ba ta san na rubuta ba, har yanzu cewa take a bar ka ka gama. Na saɓa mata, Allah ya yafe mini.

Ba zan jefa wannan a akwatin gidan waya ba, zan kai ta ofishinku da ƙafata. Ka yi sauri. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same ta.

Kakarka

*

Jikana,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ni ina nan da rai.

Ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu. Allah ya yi wa Innarka rasuwa ranar Alhamis, bayan la'asar kaɗan. An kai ta makwancinta, mutane sun taru sosai, har waɗanda ta yi wa ɗinki shekaru da yawa da suka wuce. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙurin rashinta.

Takardar da na rubuta maka kwana tara da suka wuce, na kai ta ofishinku kamar yadda na ce. Magatakarda ya ce motar mai ta fita tun jiya, kuma kun tashi daga inda kuke, babu mai zuwa sai bayan sati biyu. Na roƙe shi, ya ce can bayan tsaunuka babu waya, babu hanya sai wadda motar ke bi. Ya ba ni kujera da ruwan sha, mutumin kirki ne, ba laifinsa ba ne. Na san yanzu waccan da wannan tare za su same ka.

Ba ta sha wuya sosai a ƙarshe ba. Ranar Alhamis ɗin da safe ta sa na taje mata kai. Sannan ta ce in ɗauko takardarka in karanta mata wurin da mai walda ya ƙware da shayi. Sau uku na karanta. Ta rufe ido tana murmushi, ta ce, "Iya, ya samu mutane. Hankalina ya kwanta." Bayan wannan ba ta ƙara doguwar magana ba, sai sunan Allah a hankali, ina riƙe da hannunta ina taya ta.

Ranar, ƙarfe huɗu ta yi Ƙwas-ƙwas ba ta kore ni ba. Na ga ta shigo da takalminta a hannu, tana tafiya da safa, don kada ƙarar ta dami Innarka. Ita ta rufe mata ido. Na ji kunyar sunan da na sa mata.

Keken ɗinki na rufe shi da zane. Akwai kayan mutum uku da ba ta gama ba, na mayar musu, ɗaya ta ce a bar mata haka nan da rabin hannu, ba za ta ba kowa ya ƙarasa ba.

Ni ban san yadda ake yin wannan ba, jikana. Na rabu da iyaye, na rabu da kakanka, amma ban taɓa kawowa a raina ni zan rage bayan 'yar da na haifa ba. Ita kaɗai Allah ya bar mini, kai kaɗai ya bar mata. Yanzu saura ni da kai. Ka zo.

Kakarka

*

Zuwa ga Kaka,

Gaisuwa. Ina lafiya. Takardunki biyu sun zo tare, kuma ta biyun na fara buɗewa.

Na zauna na lissafa kwanakin. Da na taso ranar da takardarki ta farko, mai labarin Ƙwas-ƙwas, ta same ni, da na yi kwana goma sha biyu a gefen gadonta. Ranar nan ina tsaye a inuwar mota ina kwaikwayon nishinki, mutane na dariya, ashe uwata ta fara kasa haɗiye abinci.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma ki faɗa mini gaskiya. Ranar da kika rubuta ta farkon, kin sani? In kin sani, layi ɗaya ya isa. Kin cika takarda da nas da tsinke da takalmi, kika bar wa uwata "jiki da sauƙi".

Kin ce Allah ne mafakarmu. Ban yi salla ɗaya ban roƙa mata lafiya ba. Yanzu in na ɗaga hannu ba na samun abin faɗa. Ina yin salla don na saba, amma bakina a bushe yake. Ranar da takardun suka zo muka samu ruwa a rami na biyu, ya yi tsiri sama, ƙauyen gaba ɗaya na tsalle a ƙarƙashinsa, ni ina zaune a bayan mota ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Injiniya ya ba ni hutu, na ce ba na so. Gwajina ya cika, sun ɗauke ni. Akwai aikin shekara guda da za a tafi can nesa ƙarshen wata mai zuwa, rijiya goma sha biyu, babu dawowa sai an gama. Na ba da sunana. Babu abin da zan zo in gani a gidan nan sai keke a rufe.

Kada ki ƙara rubuto mini labarin ban dariya.

Jikanki

*

Jikana,

Na so in ce Gafiya, sai na tuna an kafa mini doka. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, kana cin abinci. Ni lafiya. Takardarka ta kwana huɗu a ƙarƙashin matashina kafin na iya ɗaukar biro.

Ka nemi gaskiya, ga ta. E, na sani.

Ranar Talatar nan da na ba ka labari, wajen ƙarfe uku da rabi likita ya kira ni wani ɗan ɗaki mai kujera biyu da labule kore. Ya ce abin ya bazu, sati huɗu ko biyar, sauran na Allah ne. Na gode masa, ban san dalili ba. Na dawo ɗakin majinyata, na isa gaban gadon Innarka. Gado na huɗu babu kowa ne domin matar da ke kai ta rasu da safen nan. A kansa na zube, na ja mayafi na rufe fuska don kada 'yata ta ga abin da ke rubuce a kai. Nishin da ka kwaikwaya ba na ƙarya ba ne. Nas ɗin ta san abin da aka gaya mini, ta riƙe hannuna ne don ta ga ina neman suma. Tsinken gaskiya ne. Allura da gudu da takalmi a hannu, ni na ƙara.

Da na tashi Innarka ta tambaye ni me ya faru. Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai wannan labari, ina ƙirƙira ina faɗa. Ta yi dariyar da na gaya maka. Da ta gama ta dube ni irin kallon da take yi wa yadi kafin ta sa almakashi, ta ce, "Iya, haka za ki rubuta masa." Ashe ta riga ni sani.

To ita ta sa ni, amma ba zan ɓuya a bayan wadda ba ta nan ba. Tun tana goye nake yin abin da na ga dama, da na so da na saɓa mata tun ranar. Sau uku na ɗora biro zan rubuta maka gaskiya, hannu ya ƙi. Na ce wa kaina ai rubuta cewa mutum zai mutu yanke ƙauna ne daga rahamar Allah, mai dogara gare shi ba ya riga shi yanke hukunci. Na daɗe ina jin daɗin wannan magana. Yanzu da gida ya yi shiru na gane tsoro ne kawai na yafa masa mayafin tawakkali. Gani nake in ban rubuta ba, abin bai zama gaskiya ba tukuna. Na hana ka kwana goma sha biyu da uwarka, kuma ba ni da yadda zan mayar maka da su. Ka yafe mini in za ka iya. In ba za ka iya yanzu ba, ba zan ga laifinka ba.

Batun Allah kuwa, ni ba malama ba ce, karatuna na ajin manya ne, shekara uku, shi ma rabinsa hira muka yi. Abin da na sani kaɗan ne. Kana ɗan shekara biyar aka yi wani ruwa da rana tsaka, da tsawa da iska, har ya ɗage mana kwano biyu na rufin ɗaki. Innarka ta tafi kai ɗinki. Ka sheƙo da gudu ka shige cikin zanena kana rawar jiki. Ruwan bai tsaya don ka shigo wurina ba. Ya zubo ta rufin ya jiƙa ni ya jiƙa ka, muka yi sharkaf. Amma ka daina rawar jiki. Har ka samu natsuwar yi mini fitsari a zane, ka ce ruwan sama ne, ruwan sama mai ɗumi. Na karya dokarka, ka kai ni ƙara.

Ni ma na roƙa mata lafiya, jikana, na roƙa har muryata ta dushe, ba a ba ni ba. Ban san dalili ba, kuma na daina yi wa masu gaisuwa kamar na sani. Abin da nake yi yanzu, bayan azahar in gida ya yi tsit, sai in zauna kusa da keken in ce, "Ya Allah, ga ni. Ban gane ba, kuma ba ni da wani wurin zuwa sai wurinka." Shi ke nan addu'ar, ba ta da tsawo. Wata rana ba na jin komai. Wata rana sai in ga na tashi na share tsakar gida, na ɗora ruwan shayi, na amsa sallamar maƙwabta. Na san ƙarfin nan ba nawa ba ne, domin nawa ya ƙare a kan gado na huɗu.

Ka ce bakinka a bushe yake. To ka kai masa shi a bushen. Ba sai ka yi masa kwalliyar magana ba, ni da na yi kwalliya ga inda ta kai mu.

Saura batun tafiyar shekara. Ba zan yi maka ƙaryar ciwo don ka dawo ba, na gama da wannan sana'a. Lafiyata ƙalau in ban da gwiwa. Sai dai shekarata saba'in da bakwai, kuma kai ka fi ni iya lissafin kwanaki. Ina so in gan ka. Ko faɗa za ka yi mini, ka zo ka yi shi a gabana, ya fi mini wannan gaisuwar taka mai layi ɗaya.

Kakarka, wadda ta yi laifi

*

Zuwa ga Kaka,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kina lafiya. Ni lafiya. Na bar mota ɗaya ta koma ba amsa, ki yi haƙuri, na san kin je ofis kin dawo hannu wofi.

Na karanta takardarki har ta fara yagewa a wurin ninki. Ni ma akwai gaskiyar da ban faɗa ba. Tun da na yi wayo ba ki taɓa ce mini "in ka ga da hali" ba. Ke umarni kika sani, zo nan, tashi, ci, wuce. Da na kai wannan layi a takardarki ta farko, jikina ya ba ni. Na je har ƙofar tantin Injiniya da takardar a hannu, na tsaya. Ina tsoron ya ce in na tafi kada in dawo, ina kuma tsoron abin da zan tarar, kuma na biyun ya fi girma. Sai na juya na tara mutane na karanta musu labarin nas da ƙarfi, don dariyarsu ta danne mini wannan layin. Ke kin rufa, ni na taya ki riƙe bakin mayafin. Fushin da na zuba miki, da kaina nake yi. Na yafe miki, ke ma ki yafe mini.

Na gwada addu'arki bayan azahar, a bayan mota. Kwana shida ke nan ina yi. Ban ji wani abin mamaki ba, sai dai na daina jin kamar ni kaɗai ne a wurin. Kuka kam har yau bai zo ba, ya tsaya mini a ƙirji kamar dutsen da injin ya kasa fasawa.

Jiya na ce wa Injiniya a cire sunana daga tafiyar. Ya ce in suka tafi da wani a madadina, babu tabbas zan tarar da gurbina. Na ce na ji. Ban san abin da zan yi bayan nan ba, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Na bar wa Allah.

Saura mu zura bututu a ramin da muke kai, ba zan bar musu shi a buɗe ba. Wannan takardar za ta biyo motar yau, ni kuma in biyo ta gaba.

Batun zane kuwa, ruwan sama ne, har gobe.

Jikanki,
Gafiya

*

Maigidana Gafiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ni lafiya, na gode Allah. A tsaye na karanta takardarka a ofishinku, ban iya jira in kai gida ba. Wannan kuma za ta zo da motar da za ta ɗauko ka, sai ka karanta a hanya in gargada ta bar ka.

Batun aiki, ba zan ce maka kada ka ji tsoro ba, ni ma ina ji. Wanda ya ba ka wancan yana nan, za mu roƙe shi tare, bakin mutum biyu ya fi.

Ga umarni, tunda ka ce shi na iya. Kada ka sayo komai. In ka sauka kada ka biyo ta bakin layi, za su tare ka da gaisuwa har rana ta faɗi. Ka zagayo ta lungun baya, zan bar ƙaramar ƙofa a buɗe.

Tun ranar Alhamis ɗin nan ban yi kuka ba, ko a gaban mutane ko ni kaɗai. Masu gaisuwa sai yabon haƙurina suke, ba su san ajiya na yi ba. Ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa nake jiranka. Na share ɗakin Innarka, na buɗe taga, na shimfiɗa babbar tabarma, za ta ɗauke mu mu biyu. In ka shigo ka tura ƙofa, ka zauna kusa da ni, mu yi shi tare har ya ƙare.

Sai mun share fuska sannan in dube ka da kyau, in faɗa maka irin munin da ka ƙara.

Taka,
Kaka